Yadda Aka Gano Sankara Tana da Kunne

Maƙalar wannan makon ta faɗo kaina, sai na zaɓi in kawo tarihin wani abu da muke yawan sakawa a labaranmu ba tare da mun san shi ba, wato ciwon daji, ko sankara. Kun san yadda muke yi. Likita zai cire tabarau ya ajiye a tebur, ya ce "Alhaji sai haƙuri," bayan shafi huɗu an yi jana'iza. In marubuciyar tana son ƙara yaji, sai a gano ashe kishiya ce ta binne laya a gindin murhu. Ni ma na taɓa rubuta irin wannan, don haka ba gori nake yi wa kowa ba. Amma cutar tana da tarihi mai tsawo, kuma wani reshe nasa ya faro ne daga abin da duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi a Yankara ko Sheme ya sani tun yana yaro.

Ka tsaya gaban bunsuru da taure. Uwa ɗaya na iya haifarsu, a turke ɗaya suka tashi, amma ɗaya yana wari yana bin awaki yana neman faɗa, ɗayan ya yi lumus ya tara kitse. Haka bijimi da dandaƙaƙƙen sa, wanda manomanmu na Faskari da Sabuwa ke ɗaura wa garma: wuyansa bai kai na bijimi kauri ba, kuma yaro ma yana iya jan sa. Abin da aka taɓa wuri ɗaya ne, can ƙasa tsakanin ƙafafu, amma sauyin ya bayyana a wuya, a murya, a hali. Sarakunanmu ma sun san haka game da ɗan Adam. Littafin tarihin Kano ya lissafa cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara ba babanni sarautu, kuma kowa a fada ya san wanda aka yi wa haka tun yana ƙarami ba ya fitar da gemu, muryarsa ba ta buɗewa. Tambayar da ba a amsa ba ita ce, ta wace hanya maraina ke aika wa maƙogwaro saƙo?

Wani malamin jami'a a garin Göttingen na Jamus, Arnold Berthold, ya gwada amsawa a 1849 da zakaru shida. Ya fiɗiye su. Waɗanda ya bari haka, zankonsu ya tsuke, suka daina cara, suka daina bin kaji. Wasu kuma ya mayar musu da ɗan maraina, amma a cikin ciki ya dasa shi, inda babu jijiyar da ta haɗa shi da inda yake a da. Waɗannan suka ci gaba da cara da faɗa kamar ba a taɓa su ba. Berthold ya ce to lallai saƙon ta jini yake bi. Ba a kula shi sosai ba a lokacin. Sai a 1905 wani Bature ɗan Ingila, Ernest Starling, ya raɗa wa irin waɗannan 'yan aike suna, shi ne homon da muke ji yau a bakin ma'aikatan asibiti.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu ne sankara ta shigo labarin, ta hannun wani likitan tiyata a Sikotilan mai suna George Beatson. A 1876 yana matashi ya zauna a wata karkara ta makiyayan tumaki, yana nazarin yadda nono ke kawo ruwa. A nan ya samu labarin cewa a wasu ƙasashe makiyaya kan cire wa saniya ma'ajiyar ƙwai bayan ta haihu, sai ta ci gaba da ba da madara ba yankewa. Wannan ya tsaya masa a rai: ashe wata gaɓa da ke can cikin mara ita ke juya hantsa. Ya kuma lura cewa yadda ƙwayoyin halittar mama ke ninkuwa lokacin da ake shirin shayarwa ya yi kama da yadda suke ninkuwa a sankara, bambancin kawai ɗaya yana tsayawa, ɗayan ba ya tsayawa. Wani likitan Jamus, Albert Schinzinger, ya riga shi furta shawarar a 1889, amma bai yi aikin ba. Beatson ya yi. A watan Yuni na 1895, a birnin Gilasgo, ya cire wa wata mata mai shekara 33 ma'ajiyar ƙwai guda biyu. An riga an yanke mata mama a baya, cutar ta dawo ta bazu a ƙirji, an kuma fid da rai. Bayan wata takwas ƙulle-ƙullen sun ɓace. Ta ƙara kusan shekara huɗu a duniya kafin cutar ta dawo ta yi ajalinta. Ya buga rahoton a mujallar Lancet a 1896.

Ku duba wannan wurin da idon marubuci. Mutum ya yi wa mara lafiya aiki a mara, ciwon ƙirji ya lafa, shi kansa bai san dalili ba, bayanin da ya bayar ma daga baya an ga ba daidai ba ne. Likitoci suka yi ta kwaikwayonsa. A 1900 wani likita a Landan, Stanley Boyd, ya tattara bayanan mata 54 da aka yi wa aikin, ya tarar kusan ɗaya cikin uku ce ta amfana. Sauran biyun an farke musu ciki a zamanin da tiyata kanta kan kashe, an jefa su cikin ɗaukewar al'ada ba shiri, kuma cutar ko gezau. Babu mai iya faɗin wace ce za ta dace kafin a sa wuƙa. An shafe shekara saba'in ana wannan caca.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita shi. A 1929 Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa da nasa aikin, suka tace homon ɗin mata daga fitsarin masu ciki, wanda ake kira istirojin. A 1932 Antoine Lacassagne a Faransa ya yi ta yi wa ɓeraye maza allurarsa har suka kamu da sankarar mama. A ɓangaren maza kuma, Charles Huggins na Jami'ar Shikago ya yi shekaru yana aiki da karnuka a kan furosteti, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda ke hana dattawa fitsari in ya kumbura. A 1941 shi da ɗalibinsa Clarence Hodges suka nuna cewa in aka fiɗiye mai sankarar furosteti da ta riga ta shiga ƙashi, ciwon yakan lafa, wanda ke kwance ya tashi ya taka. An ba Huggins kyautar Nobel a 1966. Yau akwai allura ta wata-wata ko ta wata uku da ke yin wannan aikin ba wuƙa, sai dai tana da tsada, don haka har yanzu a asibitocinmu akan zauna da dattijo a yi masa tayin aikin da ake yi wa taure. Wanda ke neman fage mai nauyi a labarinsa, ga shi nan: mai mata uku, shekara sittin da biyar, da babban ɗansa a gefe yana fassara masa maganar likita.

Har zuwa nan an san ɗan aike, ba a san wanda ke karɓar saƙon ba. Jini yana zaga ko'ina, to me ya sa mahaifa da mama ke jin istirojin, tsokar cinya ba ta ji? Masana na wancan lokacin sun fi karkata ga cewa homon ɗin yana shiga ne ya narke cikin wasu ayyukan sinadarai na jiki, ya sauya kama. Elwood Jensen, wani masanin haɗa sinadarai da Huggins ya ɗauka aiki a Shikago, ya bi ta wata hanya. Maimakon ya tambayi abin da homon ke yi wa gaɓa, sai ya bi sawunsa ya ga inda yake sauka. Ya liƙa masa wata alama mai fitar da haske da ido ba ya gani sai na'ura, ya yi wa 'yan ɓeraye mata allurar ɗan mitsitsi, sannan ya auna gaɓoɓinsu. A tsoka da ƙoda homon ya shiga ya wuce. A mahaifa kuwa ya maƙale, kuma da aka ciro shi, yana nan yadda yake bai sauya ba. Ke nan akwai wani abu a cikin ƙwayar halittar mahaifa da ke riƙe shi. Jensen ya gabatar da wannan a wani taro a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1958, kuma yakan ba da labari cewa mutum biyar ne suka saurare shi, uku daga cikinsu ma masu jiran nasu layin magana ne. Duk wanda ya taɓa ƙaddamar da littafi kujeru suka fi mutane yawa zai gane yadda ya ji.

Wannan abu mai riƙewa shi nake kira kunne a take, amma sunan da ya fi dacewa shi ne makarɓin saƙo. Ga yadda yake aiki, kamar yadda aka fahimta bayan David Toft da Jack Gorski sun ware shi a 1966, sannan Ronald Evans a Amurka da Pierre Chambon a Faransa suka karanto tsarinsa da na 'yan uwansa a 1985 da 1986. Kowace ƙwayar halitta tana da katanga, tana kuma da cibiya inda kundin gado yake, wato DNA. Yawancin 'yan aike, kamar insulin na masu ciwon suga, a ƙofar gida suke tsayawa su yi sallama, wani ya karɓa ya miƙa wa wani har ya isa ciki. Istirojin da testosteron ba haka suke ba. Daga dangin kitse aka ƙera su, don haka suna ratsa katangar kamar yadda man gyaɗa ke ratsa takarda. A ciki sai su tarar da makarɓinsu, su shige wani ɗan aljihu a jikinsa. Da shigarsu makarɓin zai sauya siffa, ya haɗu da ɗan uwansa su zama biyu, su dafe a wasu keɓaɓɓun wurare a kan kundin gado, su kira ma'aikatan da za su buɗe shafin su karanta. A mama, ɗaya daga cikin umarnin da ke shafukan shi ne: ki rabu biyu. Ɗan Adam yana da irin waɗannan makarɓa na cibiya guda 48, ciki har da na homon ɗin maƙoƙo da na bitamin D. A 2004 aka haɗa Jensen da Evans da Chambon aka ba su kyautar Lasker.

To ina haɗinsa da sankara? Duk sanda ƙwaya za ta rabu sai ta kwafe kundin nan kaf, harafi biliyoyi, kuma mai kwafa ba ya rasa kuskure, kamar yadda masu buga mana littafi ba sa rasawa. Yawanci ana gyarawa. In kuskuren ya faɗa kan shafin da ke cewa "tsaya," aka kuma ci gaba da aiko da saƙon "rabu" wata bayan wata, shekara bayan shekara, sai ƙwaya ɗaya mai aibi ta zama dubu, ta zama ƙulli. Shi ya sa fara al'ada da wuri da jinkirin ɗaukewarta ke ɗan ƙara haɗari, haihuwa da doguwar shayarwa kuma ke ɗan rage shi. Tun 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya lura cutar ta fi yawa a tsakanin matan coci da ba sa aure. Na ce "ɗan," kuma a riƙe kalmar. Mu a nan mun binne masu 'ya'ya goma da wannan cutar, waɗanda suka shayar da kowanne har yaye. Kada wani ya rubuta labarin da zai ɗora wa mara lafiya laifin ciwonta.

Jensen ya koma kan cacar nan ta ɗaya cikin uku. A farkon shekarun 1970 shi da wasu suka nuna cewa in aka yanko tsokar ƙullin aka auna, wasu suna da makarɓin istirojin, wasu ba su da shi. Cikin masu shi, kusan shida a cikin goma suna lafawa in aka katse homon. Cikin marasa shi, ko ɗaya a goma ba a samu. Ashe matan da Boyd ya lissafa ba cuta ɗaya ke damunsu ba, ko da yake a ido da a tafin hannu ba ka bambance su.

Maganin kuma ta ɓarauniyar hanya ya zo. A 1962 wata masaniyar sinadarai, Dora Richardson, ta haɗa wani sinadari a kamfanin ICI na Ingila. Maganin hana ɗaukar ciki ake nema. A ɓeraye ya hana, a mata kuwa sai ya riƙa taimaka wa ƙwai fitowa, wato akasin abin da ake so. An gwada shi a asibitin Christie na Manchesta a kan mata 46 da cutar ta yi nisa, 10 suka samu sauƙi, aka buga a 1971. Duk da haka a 1972 kamfanin ya so ya rufe aikin don bai hango riba ba, sai da shugaban binciken, Arthur Walpole, ya ce in an rufe zai ajiye aiki. Aka fara sayar da shi a Ingila a 1973, a Amurka a 1977. Shi ne tamoxifen. Yana shiga aljihun nan na makarɓi ya zauna a mazaunin istirojin, amma ya karkatar da siffar yadda ma'aikatan karanta shafi ba za su amsa kira ba. Wani matashin mai bincike, Craig Jordan, shi ya dage cewa a riƙa ba da shi na tsawon shekaru bayan tiyata, kuma ga masu makarɓin kawai. Da aka tattara gwaje-gwajen duniya a Oksfod aka buga a 2011, an ga shan sa na shekara biyar yana rage mace-mace daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Ga marasa makarɓin kuwa, kusan babu wani amfani.

Zan kawo misali mai ɗaci, ku gafarce ni, amma mu 'yan wannan yankin shi muka fi ganewa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomi na Katsina don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mun ga abin da ya faru: mai laifi da mara laifi duk sun rasa sabis, ɗan kasuwa sai ya yi doguwar tafiya kafin ya kira abokin cinikinsa. Katse homon ma haka yake. Ƙashi da mahaifa da ƙwaƙwalwa su ma suna sauraron istirojin, don haka mai shan magani kan yi fama da zufa da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, tamoxifen kuma yana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini da sankarar mahaifa. Sannan wanda aka katse dominsa yakan nemi wata hanya. A 2013 an tabbatar cewa a wasu matan da cutar ta dawo bayan an daɗe ana magani, makarɓin ya sauya har ya koma yana ba da umarni shi kaɗai ko ba a aiko masa da komai ba.

Yanzu mu dawo gida. Wata 'yar Najeriya, Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan, tana aiki a jami'ar nan ta Shikago inda Huggins da Jensen suka yi nasu. A 2009 ita da abokan aikinta suka buga nazarin tsokar mata sama da 500 daga Najeriya da Senegal, suka ce kusan ɗaya cikin huɗu ce kawai ke da makarɓin istirojin, alhali a matan Turawa masu shi ne suka fi rinjaye nesa ba kusa ba. In haka ne, mafi arhar magungunan nan ba zai yi wa yawancin matanmu aiki ba. Amma wani nazarin da aka yi a Ibadan ya samu masu makarɓin sun fi rabi. A 2014 wasu masana suka tattara nazarce-nazarcen Afirka gaba ɗaya, suka lura cewa inda aka yi amfani da tsohuwar tsoka da ta daɗe a ajiye adadin yakan faɗi, inda aka kula da ita tun daga ɗakin tiyata kuma yakan tashi. Ni a ganina duka ɓangarorin suna da gaskiya. Nau'in da ba ya jin homon ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai, kuma cutar tana kama su da ƙuruciya. Amma wani kaso na "babu makarɓi" da ake rubutawa a takardar sakamako, a hanya makarɓin ya lalace.

Dalilin kuwa shi ne makarɓin nan furotin ne, yana ruɓewa kamar nama a rana. Ƙa'idar da masana suka fitar a 2010 ta ce a jefa tsokar cikin ruwan fomalin kafin awa ɗaya da yankowa, ta zauna ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Ku auna wannan da halin mace daga wani ƙauye a bayan Yankara. Ta fara da mai magani, an shafa, an tsaga, an sha saiwa wata shida. An yanke ƙullin a wani ƙaramin asibiti. Sannan wani ɗan uwa ya saka kwalbar a leda ya hau mota zuwa Funtuwa, ya sake wata zuwa Zariya, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yake da sashen masu sankara, in ma kuɗin motar da na gwajin sun haɗu a wannan makon.

Wata gwaggona, Allah Ya jiƙanta, ba a ma kai nata ko'ina ba. An cire mata ƙullin, aka miƙo wa mijinta shi a ƙunshe, ya je ya binne a bayan gida kamar yadda ake binne mabiyiya, don babu wanda ya ce masa akwai abin da za a karanta a jikinsa. Daga baya wata maƙwabciya da tamoxifen ya yi wa rana ta ba ta sunan maganin a takarda, aka riƙa sayo mata a kemis. Ta sha shi wata tara. Lokacin ina aji biyu a sakandare, ni nake zuwa sayowa duk ƙarshen wata, in dawo da canjin in ba ta, ta ƙulle a bakin zane.